Auta ma a tambaye shi: wasiƙa kan masu tirizomi 21 da gwajin maganin mantuwa

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Ni tsohuwar malamar lakwal ce a nan Tawa, na aje alli ina zaune gida, kuma tunda nike ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba sai yau, to in ka ga zancen yana ta kewaye-kewaye ka yi haƙuri, a waya nike bugawa kuma idon ba kamar da ba.

Maganar ƙanena ce ta kawo ni. Auta muke ce masa don shi ne na tara kuma na ƙarshe wurin Inna, ta haife shi 1978 lokacin ta wuce shekara 40, ni kuwa na girme shi da shekara 13, kusan a bayana ya girma. Tun yana goye mutanen unguwa suka raɗa masa sunaye, wannan ya ce ɗan ruwa ne, wannan ya ce dolo, wata tsohuwa har cewa ta yi ba zai kai yaye ba kada Inna ta wahalar da kanta. Inna dai kalma ɗaya gare ta har ta koma ga Allah, amana ce. Sai da ya wuce shekara 10 sannan wani ma'aikacin likita ya faɗa mana sunan abin, tirizomi 21, wanda masu Ingilishi ke kira da sunan likitan nan Down da ya fara bayaninsa a 1866. Daga baya na gane ashe cikin ƙwayoyin jikin kowane mutum akwai wasu ƴan zarurruka na gado guda 46 da ake kira kuromozom, biyu-biyu suke zuwa, to su irin su Auta 47 gare su, na lamba 21 ɗin uku ne maimakon biyu. A Faransa aka gano haka a 1959. Shi ya sa ma aka aje ranarsu ta duniya 21 ga watan 3, ka ga 21 ga kuma 3.

Auta bai yi lakwal ba, ba wanda ya yi tunanin sa shi a wancan zamani, har da ni malama, wannan laifin ina ɗauke da shi. Amma wallahi ba zaman banza ya yi ba. Shi ke shimfiɗa tabarmin masallacin layinmu ya naɗe su, shi ke cika butoci, ran Lahadi shi ke riƙe mini kwando a kasuwa kuma ya san wace mai tumatir ce ke mana gyara wace ce mai ƙeta. Shayinsa kuwa, na fari da na biyu da na uku, kumfa kamar an auna, samarin fada ba su yarda wani ya taɓa barradu in yana nan. Ga kokowa. In lokacin takobi ya zo ba mai raba shi da talabijin, zai jera maka su Kantu da Kadade har ya zo kan Isaka Isaka, da wanda ya kada wane, ya tashi ya yi maka kirari da rawar ɗan kokowa a tsakar gida mu yi ta dariya.

Yau wajen shekara biyu ke nan da muka fara ganin canji. Da farko shiru ne ya yi yawa, sai fushi ba dalili, sai ya zuba sukari sau biyu a shayi ko ya manta bai sa ba. Muka ce tsufa ne ko zafi. Ranar da jikina ya yi sanyi wata magariba ce, na fito daga madafa na gan shi tsugune da buta a hannu, ya wanke hannu, ya tsaya, ya sake wanke hannu, ya sake tsayawa yana kallon ruwan yana bin ƙasa, an tada salla bai motsa ba. Mutumin da ya fi shekara 30 yana alwala ba kuskure. Ya ɗago kai ya ce mini, Yaya, daga nan sai ina? Na tsuguna kusa da shi na ce kurkure baki, ya kurkure, na ce hanci, haka har ƙafa. Da ya tahi masallaci na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Yanzu ko dokin ƙofa ya zo tsallakewa sai ya tsaya yana laluben ƙasa da ƙafa kamar bakin rijiya ne.

Na kai shi wani asibiti, ba zan faɗi suna ba don ba tonon asiri na zo yi ba. Wanda ya duba mu bai ko kalli fuskar Auta ba, ni kaɗai yake wa magana kamar kaya na kawo, ya ce Hajiya ai dama can haka suke, mi kike so a yi, ya rubuta ordinansi ta bitamin da maganin barci muka fito. Dama can haka suke. Ni da na goya shi ake gaya wa yadda yake dama can.

Ɗana na Yamai, wanda ke karatun likita a jami'ar Abdou Moumouni, shi ne ya zo hutu ya zauna da kawunsa kwana biyu, sannan ya ce Mama wannan abin yana da suna, kuma ba baƙon abu ba ne ga masu tirizomi. Cutar mantuwa ce, irin wadda muke kira gigin tsufa, wadda ake kira da sunan likitan Jamus Alzheimer. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwar mai cutar akwai wani datti mai danƙo da ke taruwa, amiloyid, kuma umarnin da jiki ke bi yana ƙera tushen wannan abu a kan kuromozom na 21 yake zaune. To wanda ke da guda uku kullum jikinsa na ƙera fiye da kima tun yana yaro. Kafin su kai shekara 40 kusan dukansu dattin ya riga ya taru, kuma cikin waɗanda suka yi tsawon rai fiye da 90 cikin 100 cutar na bayyana gare su, galibi a shekaru hamsin da ƴan kai, wasu kamar Auta tun ba su kai ba. Ya ce da can ba a cika lura ba saboda ba su daɗewa, a Amurka ma a 1983 tsawon ransu wajen shekara 25 ne, yanzu da ake yi musu aikin zuciya ana magance musu ciwon huhu ya kai wajen 60. Wato an samo musu tsawon rai, sai ga wannan na jiransu a gaba.

Na ce to magani fa? Nan ne ya gaya mini abin da ya hana ni barci har na ɗauki waya ina rubuta maka.

Ashe akwai sababbin magunguna da ke share wannan datti daga ƙwaƙwalwa. Ɗaya sunansa lecanemab, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023, ɗayan donanemab a 2024. Ba warkarwa suke ba, kada wani ya karanta wasiƙata ya ɗauka an samo waraka, rage gudun cutar kawai suke, shi na farkon a gwajin da aka yi da mutane kusan 1,800 na tsawon wata 18 ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin 100. Amma a manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su aka amince da magungunan nan ba a sa masu tirizomi 21 ba. Mutanen da ke cikin waɗanda suka fi kowa a doron ƙasa hatsarin kamuwa da cutar su ne aka bari a waje. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ɗana ya ce a 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Glenner da Wong, sun ciro wannan amiloyid ɗin daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, suka ciro daga na mai tirizomi, suka ga abu ɗaya ne, kuma daga nan aka bi sawu har aka kai ga kuromozom na 21, aka gina tunanin da ya haifi waɗannan magunguna. Ka ji fa Malam Edita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ƙwaƙwalwarsu aka koyi karatun, da aka zo rabon magani aka ce su tsaya bakin ƙofa.

Ban ce masu binciken mugaye ne ba, suna da hujjojinsu kuma na sa yaron ya jera mini su don kada in yi zalunci. Suna cewa jarabawar da ake auna mantuwa da ita ba ta dace da su ba, irin a ce ka fara daga 100 kana cire 7 kana komawa baya, ko ka faɗi kwanan wata da shekara, to Auta ko yana da shekara 20 lafiyarsa lau ba zai iya wannan ba, ta yaya za a gane magani ya yi aiki. Suna cewa wa zai sa hannu a takardar yarda tunda ba lalle ya fahimci duk abin da ke ciki ba. Ga ƙa'idar shekaru, gwajin lecanemab daga 50 zuwa 90 aka ɗauka, alhali su tasu cutar tun kafin nan take fara aikinta. Babbar hujjar kuma ita ce tsoro, don magungunan nan suna iya kawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, su kuwa masu tirizomi dattin na yawan kwanciya a jikin jijiyoyin jininsu, to ana gudun abin ya fi yi musu illa. A taƙaice dai cewa suke da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kuma ni ma fa ina da nawa tsoron, kada ka ɗauka ina rawar ƙafa in miƙa ƙanena. Wane Bahaushe ne mai shekaruna zai ji kalmar gwajin magani gabansa bai faɗi ba? Muna nan aka yi na Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a shekara da shekaru kafin a sasanta. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ranar da yaron ya fara kawo zancen cewa na yi masa kul, kawunka ba ɓeran gwaji ba ne.

Sai dai na kwana ina juya abin, na ga ƙin tashin nan bai kare kowa ba. Maganin ya riga ya fito kasuwa. Yau in wata mai ƙane irin nawa a can ƙasashen ta je ta roƙi likita ya ba shi, likitan nan bai san adadin da ya dace da jikinsa ba, bai san yawan hatsarin ba, ko dai ya hana a bar shi ya ci gaba da narkewa, ko ya ba shi da ka. To wannan na biyun ai shi ma gwaji ne, sai dai gwaji ne a duhu, ba mai sa ido ba mai rubutawa, in ya yi illa ba wanda zai koyi komi don ya kare na gaba. Ni a ganina gara a yi shi a fili, a fara da kaɗan, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai, da kwamitin da zai ce a tsaya in an ga ba daidai ba.

Kuma ba a ce ba a taɓa yi ba. Akwai wani tsohon maganin Alzheimer, memantine, da ake ba sauran mutane. A Ingila da Norwe an gwada shi kan masu tirizomi 173 da suka wuce shekara 40, tsawon shekara guda, sakamakon ya fito 2012, aka ga bai amfane su da komi ba. Wani zai ce to an yi asara. Ni ban ga asara ba. Na ɗaya an nuna za a iya gwaji da su, sun zo, sun sha magani, iyalansu sun tsaya musu har aka gama. Na biyu an gane cewa abin da ya yi wa wane aiki ba dole ya yi musu ba, da ba a gwada ba da har yau ana ta ɗura musu ana karɓar kuɗin iyayensu. Maganar jarabawa ma an riga an warware ta, a Kambirij ta Ingila da wasu wurare an tsara tambayoyi na musamman da ake auna mutum da yadda shi kansa yake a da, ana tambayar wanda ke zaune da shi, da yana iya kaza yanzu fa. Ai abin da na yi ke nan da buta a tsakar gida ba tare da na san sunansa ba. Tun 2018 kuma cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta buɗe wani shiri mai suna INCLUDE don a riƙa sa su cikin bincike, har ana tara sunayen manyansu da ke shirye su shiga gwaji. An makara dai amma an fara.

Na san mai karatu zai ce Hajiya, ke da ke Tawa mi ya haɗa ki da maganin nan lecanemab da aka sa kuɗinsa na shekara dala 26,500 na Amurka a 2023, wajen miliyan 15 na sefa, wanda da ya fito sai an yi ƙarin ruwa duk sati biyu ana shiga na'urar hoton ƙwaƙwalwa, mu da sai mun yi tahiyar fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso kafin mu ga likitan ƙwaƙwalwa a Yamai. Gaskiya ne. Auta ba zai ga wannan magani ba, na sani, ba sai an lallashe ni ba. Amma maganin sida ma haka aka ce a farko, na masu kuɗi ne na Turai, yau ga shi ana bayarwa kyauta a asibitocinmu. Ranar da na mantuwa zai yi araha ya iso, ina son a ce an riga an san yadda yake aiki a jikin yarinyar nan ƴar shekara shida mai irin idon Auta da nike gani a bayan uwarta a layinmu.

Kuma kada a ce Nijar ba ƙasar bincike ba ce. A Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara na rotabirus mai jure zafi, da jarirai dubbai, sakamakon ya fito 2017. A jihar Doso aka yi babban gwajin nan na ba ƙananan yara maganin kashe ƙwayoyin cuta azitromisin sau biyu a shekara, aka ga mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. Muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, muna da jami'a, muna da yaranmu da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. To don Allah wani cikinsu ya zo ya fara da abu mai sauƙi, ya nemo manyan masu tirizomi da ke ɓoye a cikin gidaje, ya rubuta shekarunsu, ya rubuta abin da suke iya yi yau, ya dawo baɗi ya sake dubawa, ya fassara tambayoyin nan zuwa Hausa da Zabarmanci yadda za su dace da rayuwarmu, a tambayi alwala da shayi da hanyar kasuwa a bar zancen cire 7 daga 100. Duk wanda zai kawo gwaji nan gaba ai sai ya tarar da wannan a ƙasa kafin ya iya komi. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu tun 2008, to ga wuri ɗaya da za a ga amfanin sa hannun.

Su kuma ma'aikatan lafiya, ƴaƴana ne da yawansu, wasu ni na koya musu baƙi, ina roƙonku in an kawo muku babba mai tirizomi an ce ya canza kada ku ce dama can. Ba kowane canji ba ne ma Alzheimer, ɗana ya ce raunin maƙoƙo yana da yawa gare su kuma yana kawo sanyin jiki da mantuwa, haka toshewar kunne, yanar ido, baƙin ciki bayan rasuwar uwa, da sarƙewar numfashi cikin barci, kuma duk waɗannan ana iya yin wani abu a kansu.

Saura maganar yarda, wadda ita ce aka fi fakewa da ita. Ƙa'idar bincike ta duniya, sanarwar Helsinki, ta ce in mutum ba zai iya ba da cikakkiyar yarda ba waliyyinsa ya sa hannu, amma shi ma a nemi amincewarsa gwargwadon fahimtarsa, in kuma ya ƙi a girmama ƙinsa. Ni na ga wannan da idona, ba a littafi ba. Da za a ɗebi jinin Auta don a duba maƙoƙon nan, yaron ya hana ni in riƙe shi kamar yadda muka saba, ya durƙusa gabansa ya ce Kawu, ana so a ɗibi jini kaɗan a nan, da allura, zai yi zafi kamar cizon cinnaka, don a gano abin da ke sa ka gajiya, ka yarda? Auta ya kalli allurar ya ɓoye hannu cikin riga ya ce a'a. Na ce kai don Allah mun biya kuɗin adaidaita mun bi layi tun safe, yaron ya ce Mama ya ce a'a, mu tahi gida. Haushi kamar in mutu, duk hanya ban yi musu magana ba.

Washegari bayan sallar asuba ina hura wuta sai ga Auta ya fito da hularsa ta Juma'a a kai, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ce Yaya tashi mu je wurin cinnaka. Muka je aka ɗiba bai ko motsa ba, da aka gama ya ce wa mai allurar sannu da aiki, ya tambaye ta ko ita ƴar Tawa ce ko ƴar Doso, don ya san wa take goyon baya a kokowa.

Na gode da ba ni fili, Allah ya bar zumunci.

Taku mai karatu kullum,
yayar Auta, daga Tawa